Kada Su Wuce Uku

Bakina ne ya jawo, ba wani ba. Tun ina yaro mahaifiyata ke cewa harshena ya riga hankalina zuwa duniya, kuma ranar da na tsaya gaban shugaban kwalejinmu na yanka wa kaina adadi, na tabbata ta san ɗanta.

Kwalejin horon malamai ce a gefen hanyar Ƙanƙara, cikin waɗanda aka bubbuɗe a gurguje lokacin da kuɗin mai ya shigo ƙasa, aka ce kowane yaro sai ya shiga firamare, ga shi kuwa babu malamai. Aka kwaso mu daga ƙauyuka. Ni daga wajen Faskari, wasu daga Sabuwa, wasu daga 'Yankara, duk 'ya'yan manoma da makiyaya, wasunmu har da gemu da iyali a gida. Ana ba mu abinci sau uku, ana ba mu sabulu, amma ni abin da ya riƙe ni a wurin filin ƙwallo ne. Mu muka yi shi da hannunmu. Mun tumɓuke kututture, mun fasa suri biyu, mun tsince tsidau a durƙushe har gwiwoyinmu suka yi kanta, sannan muka kafa azara ta zama raga. Ni ke tsaron baya, kuma a shekarata ta ƙarshe aka ba ni kyaftin, ba don na fi kowa iyawa ba, don dai na fi kowa murya.

Shekarar da ta gabaci wannan 'yan wata babbar kwaleji ta birni sun zo cikin doguwar mota, kowa da takalminsa da safa har gwiwa, suka zura mana tara, mu ko ɗaya. Tara fa! Har matan da ke sayar da fura a bakin ƙofa sai da suka koyi lissafi a kanmu. In ka je saye su ce, "Ta nawa za a dama, ko ta tara?" Wata biyu ban sha fura ba.

To, a farkon bazarar nan sai gwamnati ta ce kowace makaranta ta yi noma, aka aiko mana da jar tarakta sabuwa fil. Shugaban kwalejin dattijo ne mara yawan magana, malamin lissafi ne asalinsa, kuma ɗan manomi kamar mu. Wata safiya muka hango shi a tsakiyar filinmu, ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa yana murzawa a tafin hannunsa. Duk wanda ya tashi a gona ya san ma'anar wannan murzar. Ban jira shawarar kowa ba, na bi shi ofis.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mun ji an ce za a nome filin ƙwallo."

Ya ce, "Ba an ce ba ne. Ni na ce. Ƙasar nan baƙa ce, babu irinta a makarantar nan. Na san abin da za ta ba mu na masara. Ku me kuka ba mu? Tara."

"Bana za mu ci su, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malami za ka zama, kada ka fara da ƙarya. Faɗa mani abin da za ka iya tsayawa a kansa."

Jinina ya hau. Na ce, "Ba za su wuce uku ba."

"Uku," in ji shi, kamar mai duba ko lissafin ya fita. "To, na ji. In suka tsaya a uku, fili naku ne muddin ina makarantar nan. In ta huɗu ta shiga, ruwan farko na sauka tarakta na shiga. Tashi ka tafi."

Da na kai wa 'yan wasa labari, golanmu ne ya fara magana. Ɗan Sabuwa ne, dogo, siriri, ya tashi cikin shanu, ba ya ɗaga murya ko gobara ake yi. Ya ce, "Haba kyaftin, me ya hana ka ce shida? Ko a kasuwar 'Yankara ba a fara ciniki daga nan. Kai ka yi alkawari, ni zan tsaya a bakin raga." Na ce mashi in tsoro yake ji ya ajiye jesi. Ya ce tsoro kam yana ji, amma jesi ba zai ajiye ba. Saura mako bakwai 'yan birni su zo.

Malamin wasanninmu ba malamin wasanni ba ne. Hausa da tarihi yake koyarwa, an rataya mashi usur ne don sauran malamai sun ƙi. Amma a ƙauyensu, lokacin samartakarsa, shi ake sawa a gaba in ana gayya. Ya tara mu ƙarƙashin itacen bedi ya ce, "Ni ban san dabarun ƙwallo ba, kuma ba zan yi maku ƙarya ba. Na dai san yadda ake gama gona kafin rana ta faɗi. Bara ina tsaye, uku suka ci ku kafin hutu, shida bayan hutu. Ba ƙafa suka fi ku kawai ba, numfashi suka fi ku. Kuma da aka ci ku ta biyar kun daina wasa, kun koma zagin juna." Da ya faɗi wannan ni ya kalla, na sunkuyar da kai.

Washegari da an sallame asuba ya kai mu busasshen gulbin da ke bayan makaranta. Rairayi ne har idon sawu. Ya ce mu yi ta gudu daga gindin wata tsamiya zuwa wani dutse, mu dawo, sai ya ce ya isa. Bai ce ya isa ba sai da mutum huɗu suka yi amai, ni ne na biyu. Haka muka yi ta yi kullum, ga zafin bazara wanda ko ƙadangare ba ya son fita. Da la'asar kuma a fili, ya ware mu bakwai masu tsaron baya da gola, ya sako mana duk mai sha'awar buga ƙwallo a makarantar, wani lokaci su goma sha biyar, ya ce su yi ta kawo hari. Ƙa'idarsa ta gayya ce. Duk wanda ya kai ƙarshen layinsa ba ya jingina da fartanya yana kallo, juyowa yake ya tari wanda ya rage a baya. In an wuce ɗan'uwanka, kai ne a wurinsa, shi kuma ya zagayo ya tsaya a naka, ba tambaya, ba harara. Wanda kuwa ya zagi abokin wasa, hukuncinsa garwa biyu ta ruwa daga rijiya, ya yayyafa a bakin raga. Wallahi ciyawar da ta tsiro a bakin ragar nan tun kafin damina, rabinta ruwan kafaɗata ne.

A mako na uku abin ya so ya watse. Mutum biyu suka ce su ba soja suka shiga ba, suka daina zuwa. Sannan mai bugun gefenmu, wani gajeren ɗan 'Yankara mai gudun tsiya, ya zo ya ce mahaifinsa ya aiko, babu mai yi mashi sharar gona da kai taki, don haka kowane ƙarshen mako zai riƙa tafiya, wataƙila ma ranar wasan ba ya nan. Har na buɗe baki zan saki abin da zai jawo mani garwa huɗu, Malam ya riga ni. Ya ce, "Gonar Baban naka eka nawa ce?" Ranar Asabar muka hau bayan motar itace mu goma sha uku. Muka share gonar, muka ƙone tarkace, muka watsa taki, kafin azahar mun gama. Tsohon ya sa aka dama mana fura cikin babbar ƙwarya. Ya ce wa ɗansa, "Je ka buga abinka. In aka ci ku tara kuma kada ka ce ka san ni." Daga ranar ban sake jin wani ya yi maganar bari ba.

Sai takalma suka zo. Motar ma'aikatar ilimi ce ta kawo siminti da gadajen ƙarfe, a ƙarƙashinsu ga wani kwali. Shekarun nan haka abubuwa ke faɗowa, ba ka roƙa ba sai ka ga an sauke. Muka buɗe, ga takalman ƙwallo baƙaƙe wuluk, ƙusoshi a ƙasa, kowane da safarsa, ƙamshin sabuwar fata ya cika sito. A cikinmu babu wanda ya taɓa sa irinsu. Mun saba buga ƙwallonmu da ƙafar da Allah ya ba mu. Muka riƙa ɗora tafin ƙafa a kan na takalmi ana gwadawa, wanda ya yi kusa ya ɗauka. Wani har sumbatar nasa ya yi. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, abin da 'yan birni suka fi mu da shi ya zo hannu.

Saura wata guda a yi wasa. Tambayar ita ce, a fara sa su yanzu ko a ajiye. A wurina wannan ba tambaya ba ce. A gidanmu sabon abu ƙasan akwati yake shiga sai ranarsa. Mahaifina in za shi kasuwar 'Yankara, takalminsa a sanda yake ratayawa, ya taka ƙaya da tsakuwa da ƙafarsa, sai ya hango rumfuna sannan ya kakkaɓe ƙafa ya sa. Takalmin nan ya fi shekara goma. Na ce masu, "Wa ya taɓa sa rigar Sallah ya tafi kwasar taki? In muka shiga rairayi da su, kafin ranar sun zama tsumma. A ajiye. Ranar wasa mu fito da su suna ƙyalli, 'yan birni su san mu ma mun waye." Kowa ya ce haka ne. Malam ma ya gyaɗa kai, don shi kansa takalmin aurensa na nan cikin leda.

Gola ne kaɗai ya yi gyaran murya. Ya ce, "Kyaftin, ni dai abin da na sani, sabon takarkari ba a ɗora mashi kaya ranar tafiya. Sai an hore shi tukuna."

Na ce, "Takalmi ne, ba sa ba ne. Kai da ƙafarka ba ta taɓa ganin ko takalmin fade ba, yau kai ne malamin takalmi?"

Aka yi dariya. Na kulle sito, na rataya makulli a wuyana. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci mukan buɗe, mu shafe su da man kaɗe, kowa ya zura ƙafarsa yana zaune a kan tabarma, ya ɗan juya ta ya ga yadda ta yi kyau, ya cire. Ban yarda ko mutum ɗaya ya taka ƙasa da su ba. Na tsare takalman nan kamar yadda ake tsare iri.

Ranar wasa ta zo, Asabar ce, bayan la'asar. Garin ya yi tsit da zafi, hadari na ɗan leƙowa daga gabas yana komawa. Mutanen Ƙanƙara sun cika gefen fili, don labarin alkawarin ya riga ya zaga gari, har da masu furar nan. Direban tarakta kuwa, don rashin ta ido, ya kawo ta bayan raga ya haye sama, wai nan ya fi ganin wasa. Shugaba na zaune a kujerar ƙarfe, hannu a kan sandarsa. Muka fito cikin jerin gwano, takalma na walƙiya. Aka yi tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Ba zan ɓoye ba, a wannan minti na ji kamar ni na ƙera duniya.

Daga sito zuwa tsakiyar fili na fara jin wani abu. Ƙasar bazara ta bushe ƙamas, ƙusoshi ba su nutsewa, sai muka zama kamar jaki a kan siminti. Na ce a raina zai saki. Alƙalin wasa ya busa. Kafin minti goma dugadugaina sun kama wuta, yatsuna sun dunƙule wuri ɗaya. Mai lamba taransu, wani ƙato mai faffaɗan ƙirji, ya taho da ƙwallo, na yi niyyar juyawa, jiki ya juya ƙafa ta ƙi. Ya wuce ni ya buga. Ɗaya. Ɗan 'Yankara, wanda ko zomo ba ya tsere mashi, na gan shi yana ɗingishi yana bin ƙwallo kamar tsoho. Duk wanda ya buga sai ta tafi inda bai aike ta ba. Ta biyu daga kwana ta shiga, da ka. Ta uku kuwa ita ce har yau in na tuna nike jin ɗaci a bakina. Ƙwallo ce mai sauƙi ta gangaro, irin wadda nike tarewa ido rufe. Na sa ƙafa, ban ji ta ba, don akwai fata mai kauri tsakanina da ita. Ta sulale ta ƙarƙashina, ƙaton nan ya same ta shi kaɗai da gola. Uku. Ba a jima ba aka busa hutu. Direban tarakta ya danna ham sau uku, wasu suka yi dariya.

Muka zube ƙarƙashin bedi. Aka fara kwance igiya, nan fa ido ya raina fata. Safa ta manne da jiki. Bororo ya tashi ya fashe, dugadugan wasu sun saluɓe sai jan nama, farcen wani ya ɗaga. Nawa biyun duk jini. Mako bakwai muna gudu a rairayi, mun share gonar mutum, mun sha rana, ga shi abin da na kulle a sito na rataya makullinsa a wuyana ya kashe mu a minti arba'in da biyar. Na jira gola ya ce ai na faɗa maka. Da ya faɗa da na ji sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Bai faɗa ba. Yana can yana yaga safarsa gida biyu da haƙori.

Na ce, "Laifina ne. Ni na hana. Ku yafe mani." Ban taɓa faɗin irin wannan a gaban mutane ba, muryata ma ba ta fita sosai ba.

Malam ya ce, "An ji. Ni ma na gyaɗa kai, ba kai kaɗai ba ne. Yanzu ba lokacin rabon laifi ba ne, saura rabin gona. Uku aka ce, uku ce a ƙasa. Me za ku yi?"

Gola ya miƙo mani rabin safar. Ya ce, "Ɗaure dunduniyar, kyaftin. Mu koma da ƙafafunmu."

Na je na sami alƙalin wasa na tambaye shi ko doka ta hana. Ya dubi ƙafafuna ya ce, "Ƙafafunku ne. Amma ku sani su ba za su cire nasu ba." Na ce mun sani. Muka tara takalman a gindin bedi, muka koma fili, kowa da tsumman safa a dunduniya. 'Yan birni suka bushe da dariya. Ban ga laifinsu ba.

Takun farko kamar an zuba barkono a ciwo. Na biyu ma haka. Amma ƙasar nan mun san ta, kowane tudu da kwari nata mu muka daidaita shi, kuma da ƙwallo ta fara zuwa na ji ta a fatata, na ajiye ta inda nike so. Na yi ihu, "A koma baya! Kowa ya riƙe layinsa!" Muka koma mu goma a gaban gola. Ba mu nemi ci ba, ba abin da ya kawo mu ke nan ba. Su kawo, mu fitar. Su sake kawowa, mu sake fitarwa. Aka wuce na hagunmu, kafin ya juyo ɗan 'Yankara ya riga ya tsaya a wurinsa. Aka wuce ni, na waiga sai na ga mutum biyu a bayana. Wani namu ya yi kuskure ya ba su ƙwallo a bakin raga, gola ya yi tsalle ya doke ta da yatsu ta bugi azara ta fita. Zagi ya zo mani har kan harshe, na haɗiye shi, na ce, "Ba komai, tashi!" Shi kansa sai da ya dube ni don ya tabbata ni ne.

Su kuwa suka gane inda ciwon yake, suka fara taka mu. In an yi tsalle an sauko, ƙusa a kan yatsu. Alƙali ya busa wasu, wasu bai gani ba. Tsumman safa ya koma ja, ya koma baƙi da ƙasa. Amma wajen minti na ashirin na lura da abin da Malam ya faɗa, sai dai wannan karon a jikinsu yake. Ƙaton nan ya fara dafa gwiwa. Sun fara yi wa juna tsawa da Turanci. Mu kuwa numfashinmu na nan, rairayin gulbi ya biya mu. Mutanen gari da suka zo kallon tara suka miƙe tsaye. Wani ya fara, sauran suka amsa, sai ga fili duka yana cewa, "Uku! Uku! Uku!" 'Yan birni suka zaci su ake yi wa kirari.

Ban san minti nawa ya rage ba, na dai ga alƙali ya duba agogo sau biyu. Suka samu kwana. Ƙwallo ta taho sama, gola ya fita ya doke ta, aka haɗu da shi ya faɗi. Ta faɗo tsakanin ƙafafu, ta gangaro wajen raga a hankali, ba kowa a ciki. Na ga ƙaton nan ya ɗaga ƙafa zai ƙarasa ta. Ban yi tunani ba, ba ni da lokacinsa. Na jefa ƙafata ta dama na share ƙwallon, tasa kuma ta sauko da duk nauyinsa a kan tawa. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Ƙwallo ta fita waje.

Malam ya yi ta yi mani alama in fito, na yi kamar ban gani ba. Na ja jiki na jingina da azara a tsaye kan ƙafa ɗaya, na ce ko da ciki ne zan tare. Suka sake bugo kwanar, gola ya cafke ta ya kwanta a kanta, ya ƙi tashi har sai da alƙali ya yi mashi magana. Ya buga ta sama, tana iska aka busa tashi.

Fili ya rikice. Ɗalibai suka ruga ciki, aka ɗaga gola sama, aka ɗaga ɗan 'Yankara, masu fura na guɗa kamar an kawo amarya. Kyaftin ɗin 'yan birni ya zo inda nike zaune a ƙasa, ya ba ni hannu, fuskarsa cike da mamaki. Ya ce, "Malam, kun dai san ku aka ci, ko?" Na ce mun sani. Ya girgiza kai ya tafi, ina jin har ya koma gida bai gane ba.

Shugaba ya taso da sandarsa, mutane suka dare. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallon ƙafar, wadda ta riga ta kumbura ta yi suntum. Ya ce, "Uku." Na ce, "Uku, ranka ya daɗe." Ya juya ya ce wa direba ya sauko ya kawo motar makaranta a kai ni gari, gobe kuma ya je ya duba fakon da ke bayan kicin.

Ƙasusuwan bayan ƙafar ne suka karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma tun ranar ya gaya mani gaskiya. Ya ce tafiya zan yi, noma zan yi, amma ƙafar nan ta gama dukan abu. Na ce mashi bai san ni ba. Ya ce ƙashi ya sani.

Bayan kwana huɗu ruwan farko ya sauka. Da safe ina kwance a ɗakin kwana na ji tarakta can nesa tana gurnani cikin tsakuwa, na yi hamdala. Da la'asar na kasa haƙuri, na karɓi sanda na ja ƙafa har bakin fili. Ƙasa ta jiƙu ta yi laushi, tana ƙamshi. 'Yan wasanmu na ciki, rabi da takalmi suna koyon takawa, rabi ba takalmi, suna ta ihu da zamewa. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Ana cikin haka ƙwallo ta kuɓuce masu ta gangaro har gabana ta tsaya. Gola ya ɗaga hannu daga raga ya ce, "Kyaftin, ba mu!" Ƙafar ta ɗaga da kanta kafin in tuna, zafi ya harba har cikin kaina, na mayar da ita ƙasa. Duk suka tsaya suna kallona. Na sunkuya na ɗauki ƙwallon da hannu, na jefa masu, na ce su ci gaba.